Ranar Da Goggo Ta Kori Shirwa

A Aujara, da an idar da magariba Goggo, kakarmu ta wajen uba, takan zauna bakin murhu mu kewaye ta kafin tuwo ya nuna. Ni tun ina ƙarama ba ni da haƙuri, so nake a ba ni tatsuniya a wuce wurin. Ita kuwa sai ta raba mana aiki tukuna, saboda yayata Hajara da sanƙarau ya kusa kurmantar da ita.

"Goggo, ki faɗa kawai mana!"

"Uwar gaggawa, kasuwa za ki? Matso, yau ke ce ɓera."

Ta zube gyaɗa a faifai ta ce rumbun gari ne, Hajara kuma shirwa. Wai wani mai gari ne shirwa ta sure masa ɗan tsako, ya fusata ya sa aka kore ta. Goggo ta ja Hajara ta kai ta bakin zaure, mu ɓeraye muka afka wa gyaɗa, nan da nan faifai wayam. Dole mai gari ya je ya ba shirwa haƙuri. Hajara ta dawo tana kaɗa hannuwa tana tarwatsa mu, tana dariya. Ko rabin maganar ba ta ji ba, amma ta fi mu gane labarin.

A sakandare a Dutse ajinmu ɗaya da Hajara, don ciwon ya ci mata shekara biyu. Baba ya ce in ta sake faɗuwa jarrabawa ta dawo gida, zaman banza take. Zangon nan aka kawo mana wata malamar bayoloji. Ta fitar da mu gindin darbejiya, ta liƙa wa kowa suna: gero, fara, kaza, maciji. Ta haɗa mai ci da abin cinsa da zare.

Na ce, "Malama, jarrabawa fa ta kusa."

"Riƙe zarenki, ke ce fara. To, an yi feshin maganin ƙwari, fara ta mutu, ki saki."

Na saki. Hajara ce kaza. Zaren ya kwanta a hannunta, ta dube shi, ta ɗaga hannu. Ban taɓa ganin ta ɗaga hannu a aji ba.

Haka malamar ta bi da mu har darasin zagayawar jini. Da sakamako ya fito Baba ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Ku wanke kayanku, Lahadi za ku koma ku biyu."

Da na ɗauka Goggo da malamar nan ɓata mini lokaci suke. Ni da ke sauri, ko sau ɗaya ban taɓa waiwayawa na ga wa aka bari a baya ba, alhali yayata ce, a tabarma ɗaya muke kwana da ita.