Kowane Gida da Maganinsa, Fuskar Kuma Ɗaya Ce

Shekarun baya, ina saurayi mai ji da kansa, kuraje suka mamaye min fuska. Akwai wata yarinya a Rijiyar Zaki da muka daɗe muna hira ta waya, hoton da na tura mata kuwa na goge kurajen da ke cikinsa tas. Kwatsam ta ce babanta ya yarda in zo gida bayan Sallah. Hankalina ya tashi.

Da Sallar na tafi ƙauyenmu wajen Kunci. Kun san yadda ake yi, gida-gida za ka bi ka gaida dangi. Duk inda na durƙusa, kafin a tambayi mutanen birni an tambayi fuskata. Gwaggona ta ce in daka ganyen darbejiya. Matar kawuna ta ce lemon tsami da toka. Wani dattijo ya ce tafarnuwa: "Ka goga sai ta yi zafi, zafin ne aikin." Washegari kuma kowa zai tare ka: "Ka shafa kuwa?" Ni ba na iya ce wa babba a'a, ƙarya kuma kunyarta nake ji. Sai na riƙa shafa duka.

Kafin a ce me, fuska ta kumbura, tana raɗaɗi kamar an watsa min barkono.

Kakata, wadda tun ina yaro take ce min mijinta, ta ƙare min kallo ta ce, "Maigida, wa ya dafa min kai?"

Na faɗa mata komai, har zancen yarinyar.

"Au, wata ka samo a birni." Ta yi dariya har da tari. "To daga yau duk wanda ya tambaye ka magani, ka ce matarka ta hana."

Wallahi ya yi aiki. Kowa na faɗa wa sai ya yi dariya ya ƙyale ni, wa zai ja da tsohuwa a kan mijinta? Ita abin da ta bar min kaɗan ne: ruwan ɗumi, sabulun salo, zuma in shafa in wanke, sannan in cire hannuna daga fuskata.

Kumburin ya saɓe. Kurajen sun ragu, amma ba su tafi ba. Haka na je, ina ta sunkuyar da kai a soro. Yarinyar ta gaishe ni, ta ɗan dube ni ta ce, "Dama na san hoton nan ya cika santsi."

Yau idan ƙannena sun zo da kukan kuraje, cewa nake su riƙe abu ɗaya mara zafi, su yi haƙuri, in ya ƙi su ga likita. Fata ba ta son taron dangi.

Yarinyar kuwa ita ce uwar 'ya'yana. Duk Sallah in mun je, kakata sai ta tare ta: "Ni na gyara shi, ke kika kwashe."