Ƙasar da Mai Zanen Gini Ya Ɗiba a Filina

A lokacin da wannan abu ya faru ni ɗan kasuwa ne mai ji da wayonsa, ina sayen wake da gyaɗa a ƙauyukan Madarumfa ina tsallakawa da su ta Ɗan Issa. Sana'ar ta koya mini abu guda, ni kuma na riƙe shi fiye da kima: kada ka yarda da bakin buhu, zura hannu har gindi. Na sha ganin an jera wake mai kyau a sama an cusa tsakuwa a ƙasa, na kuma ga wanda muka ci tuwo tare ya je ya tsegunta wa ƴan duwan, wato jami'an kwastan, hanyar da kayana za su bi. Saboda haka duk wanda ya yi mini murmushi sai in fara tunanin me yake nema a wurina. Abokaina suna tsokanata wai ko ruwa aka ba ni sai na leƙa gindin kwanon, ni kuwa yabo nake ɗaukar maganar. Na rubuto muku ne don abin ya daɗe yana cina, kuma na kasa zama da kowa in faɗa masa baki da baki.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a ƙauyenmu wajen Gabi, a ɗakin ƙasar da mahaifinmu ya bar ta a ciki. Ta tsufa, gwiwoyi sun ƙi, kuma duk damina sai an jera kwanoni a tsakar ɗakin ana tarar yoyo. Na yi na yi ta dawo wurina ta ƙi, don a gidan haya nake, ita kuma ta ce ba za ta bar ɗakin mijinta ta je ta ƙare a ɗakin wani ba. Amma ta yi mini alkawari, ranar da na gina nawa za ta ɗaure kayanta da kanta. Wannan ne ya sa na sayi fili a gefen gari ta wajen tabki. Akwai wata tsamiya a kusurwarsa ta ƙasa, tun ranar da na gan ta na yanke cewa ɗakin Inna zai zauna a inuwarta. Burina ke nan duka, in ga tsohuwar nan ta kwana a ɗakin siminti tun tana da rai.

Ƙanen matata ne ya kawo mini mai zanen gini daga Maradi, ya ce idan gida na kirki nake so, a fara zana shi a takarda kafin a taɓa ƙasa. Mutum ne mai sanyin magana, ba ya kirana sai da Alhaji, amma tambayarsa ta yi mini yawa. Yana son ya san ƴaƴana nawa, ta ina uwargida take girki, ko Inna tana iya hawa matakala, ko da wuri take kwanciya. Mu kuwa a wurinmu ba a lissafa wa baƙo ƴaƴa, balle a buɗe masa cikin gida. Na riƙa ba shi amsa rabi da rabi. Da ya gama awo sai na ga ya tsallaka wurin maƙwabcin da muka haɗa iyaka ta wajen tsamiya, suka daɗe suna magana suna nuna filina da hannu, har da dariya. Wannan maƙwabci shi ma ya nemi filin na riga shi, kuma tun daga nan gaisuwarmu ba ta wuce ta fatar baki. Na dai ajiye abin a raina.

Zuwansa na gaba shi ne ya ɓata komai. Ya sa aka haƙa ramuka a kusurwoyi huɗu da tsakiyar filin, ya ɗebi ƙasa daga kowane rami ya zuba a leda daban, ya ɗaure, ya sa a bayan motarsa. Wanda bai tashi a irin ƙauyenmu ba ba zai gane abin da na ji ba. Rabin dangin mahaifina har yau suna kan al'adar gargajiya, kuma tun ina yaro na san abin da ake nufi idan aka ce an ɗebi ƙasar ƙofar gidan mutum ko ta sawunsa. Kusurwa huɗu da tsakiya kuwa, nan ne daidai wuraren da ake binne abu idan za a kafa gida, nan ne kuma ake bi idan za a tayar da shi. Ya yi mini bayani cewa za a kai ta ɗakin gwaji a Maradi a ga ko za ta ɗauki nauyin gini. Na gyaɗa kai kamar na gamsu. Da ya tafi, maginin da na ɗauko, wanda na daɗe da sani, ya matso ya ce shi dai ya tsufa a cikin gini bai taɓa ganin an yi wa ƙasa guzuri ba, ya kamata in san hannun da za ta faɗa. Ban tsaya na tuna cewa mai zanen ya riga ya ce zai riƙa duba yadda magini yake kwaɓa siminti ba, kuma magini bai ji daɗin hakan ba.

Bayan ɗan lokaci ya dawo da zane. Gaskiya zanen ya yi kyau, ɗakin Inna ba matakala ko ɗaya, ga makewayi a kusa, ga taga ta inda iska take shigowa. Sai dai ya kwashe ginin gaba ɗaya ya mai da shi can saman filin, ya bar wajen tsamiya fayau. Ya ce ƙasar wurin laka ce, tana kumbura idan ta sha ruwa, tana tsukewa da rani, duk abin da aka ɗora mata sai ta riƙa wasa da shi har ya tsage. Ni kuwa abin da idona ya gani shi ne an bar fili babu gini a jikin iyakar mutumin da yake kwaɗayinsa. Don in gwada shi, sai na ce ya maido mini da ƙasata. Ya yi dariya yana tsammanin wasa nake, ya ce ai ƙasar nan an jiƙa ta, an gasa ta a wuta, an auna, an zubar. Da na ji kalmar wuta, a raina na ce shi ke nan, an gama aikin, ga shi ma da bakinsa yana faɗa mini.

Na sallame shi ban gaya masa dalili ba, na ce dai zan neme shi. Ya gane ba zan neme shi ba. Ya tsaya a bakin mota ya ce don Allah Alhaji, ko ba da shi za a yi ba, kada in ɗora ɗaki a gindin tsamiyar nan, idan kuma ya zama dole, a haƙa harsashi har sai an tarar da ƙasa mai tauri, a ɗaure shi da ƙarfe sosai. Ya maimaita ya sake maimaitawa. Yawan roƙon nasa ma sai ya ƙara mini zargi, na ce me ya dame shi da gidan da ba nasa ba in ba an ba shi aiki ba. Na miƙa wa magini zanen, muka juya shi yadda nake so, muka yi harsashi irin wanda kowa yake yi a gari. Na sa malamai suka yi sauka, ban kuma tsaya nan ba, na je wurin wani baffana a ƙauye ya ba ni abin da na binne a kusurwoyin. Ɗakin Inna aka fara gamawa, na shafe shi da shuɗin fenti, na aika mata cewa ta fara shiri.

Ruwan farko na kirki da aka yi, wata siririyar tsaga ta fito daga kusurwar taga ta gangara ƙasa. Maimakon in tuna maganar mai zane, sai na ce ga shi nan, asirin ya fara ci. Na sa aka lafta siminti, na ƙara rubutun sha, na turara ɗakin. Kafin kaka ƙofar ta daina rufuwa, da rani kuwa tsagar ta buɗe har hannuna yana shiga. Na riƙa ɗaga wa Inna rana, yau in ce fenti bai bushe ba, gobe in ce ana jiran mai ƙofa. Kullum amsarta ɗaya ce, ta ce Allah ya kai mu. Zargina kuma ya bazu kamar wutar kara. Na daina amsa sallamar maƙwabcina, na hana ƙanen matata shiga gidana, har ita matar tawa na fara kallonta a kaikaice, ina tunanin ko ta san wani abu. Ta yi kuka ta ce shekarun da muka yi tare ba su isa in san ta ba. Ko wannan bai sa na dawo hayyacina ba.

A damina ta biyu bangon wajen tsamiya ya rabu da ɗan'uwansa ya karkata waje. Da hantsi ne, ina tsaye ina kallo na rasa abin yi, sai ga maƙwabcin nan da itatuwa a kafaɗa, ya taya mu tokare shi. Muna cikin aikin yake ce mini ai tun kakanninsa a wurin nan mata masu ginin tukwane suke haƙar yumɓu, daga baya aka cike ramin da shara da ɓaraguzai. Ya ce abin da mai zane ya zo ya tambaye shi ke nan, ya kuma ɗauka an gaya mini. Ya nuna mini katangarsa, sai a ranar na lura ya ja da ita baya daga iyaka, ya bar nasa filin shi ma. Na ji kunyar da ban taɓa jin irinta ba. Na je biron mai zanen, wato ofishinsa, a Maradi ina jan ƙafa. Bai goranta mini ba, ya biyo ni ya duba, ya ce ɗakin ba ya gyaruwa, sai a rushe a sake a inda ya zana tun farko, kuma ba za a fara ba sai ruwa ya ɗauke.

A cikin wannan damina Inna ta kwanta ciwo. Na ɗauko ta na kawo ta wurin likita a Madarumfa, da aka sallame mu ta ce in bi da ita ta ga ɗakinta. Ba ni da yadda zan yi. Na tsai da mota a bakin filin, ta leƙa ta taga ta ga shuɗin ɗaki an tokare shi da itatuwa. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce wurin yana da inuwa mai kyau, Allah ya yi mini albarka. Na roƙe ta ta zauna a wurina ko na ɗan lokaci ne, ta ce a'a, in mai da ita gida, idan an gama sai in zo in ɗauke ta. Ta rasu kafin a yanke gero, a ɗakinta na ƙasa. Da na shiga bayan an fitar da ita, kwanonin tarar ruwa suna nan a jere a gefen gadon.

An gama sabon ɗakin daga baya, a inda mai zane ya ce, ko tsaga ɗaya babu. Na nemi gafarar matata da ƙanenta da maƙwabcina, sun ce sun yafe, amma wadda na fi bukatar in roƙa ba ta nan. Na san kwananta ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Allah ba, sai dai damina biyun da ta yi tana jira ni na jawo su. Abin da nake so masu karatu su ɗauka shi ne, idan kun kira mai sani ya yi muku aiki kuka ga ya yi abin da ba ku gane ba, ku buɗe baki ku faɗi ainihin abin da kuke tsoro, ko da za a yi muku dariya. Kada ku gyaɗa kai a gabansa ku koma kuna yanke hukunci a zuci, kuma ku duba ko mai zuga ku yana da abin da yake karewa. Na taɓa gaya wa mai zanen abin da na zarge shi da shi. Ya ce da na faɗa masa a ranar, da ya ɗauke ni a motarsa mun tafi tare na ga gwajin da idona, mu dawo kafin la'asar.