Tunkiyar Matata da Sheƙar Tsattsewa

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba na jin zai iya ɗauke shekarar da tunkiyar matata ta fara zagaye. Har yau in na ga tsattsewa tana shawagi a kan ruwa, sai abin ya dawo mini sabo.

Muna zaune ne a wani ƙauyen masunta a bakin tafki, ƙasar Ngaski. Ni su na sani, kiwo kuwa na matata ne. A cikin tumakinta akwai wata fara mai baƙin kunne, jinin wadda Innarta ta ba ta lokacin da aka kawo ta gidana. Sauran zuriyar duk sun ƙare, ita kaɗai ta rage, ga ta da ciki. Wata safiya muka tarar ta karkace kai tana kewaya turke, hagu kawai take bi. In an sake ta sai ta yi karo da bango. Ran nan ma daga cikin ruwa na tsamo ta.

A wurinmu, dabbar da ta fara haka an san makomarta. A yanka, a ci nama, kan kuwa a jefar bayan gari karnuka su ɗauke, don kada haukar ta bi mutum. Maƙwabta suka ce in kawo wuƙa. Matata ta je ta zauna kusa da turken. Na ce ba mai yanka ta da ɗa a ciki.

Ƙanena, mai tuƙa jirgin inji zuwa Yelwa, shi ya zo da labari a wayarsa. Ya ce, "Yaya, dubi wanga. Can wajen ƙasar Sin akwai tsuntsun da anka ce ana dafa sheƙarshi a sha. Wai har masana sun ba ɓeraye, sunka ga tana taimakon ƙwaƙwalwa." Na leƙa hoton, tsattsewarmu sak. Yana cikin karantawa na miƙe na ɗauki filafili.

Akwai wani dutse a tsakiyar ruwa inda tsattsewa ke gini a ƙarƙashin rankwafarsa. Masunta ba sa taɓa su, domin su ke gaya mana hadari: in sun sauko dab da ruwa, sai kowa ya naɗe komarsa. Na san da haka, na kuma tafi. Iska tana dukan jirgin, ina kwarfe ruwa ina tuƙi, har na isa. Na hau dutsen da ƙwarya, na shiga ɓalle sheƙu, tsuntsayen suna kuka suna kawo mini sura. Da na ɓalle wata, sai na ji ɗumi a tafin hannuna. Kafin in ankara 'ya'yan sun zube cikin ruwa, ko gashi ba su yi ba. Wannan ɗumin bai bar hannuna ba har gobe.

Da na dawo gida na zuba wa ƙwaryar ruwa don sheƙun su jiƙu. Suka narke. Matata ta leƙa, ta sa yatsa, ta dube ni.

"Malam, ka tsallake ruwa cikin iskan ga don ka ɗebo muna laka? Ga ta nan bakin gulbi tana kama takalmi."

Ƙanena ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Ai ba ka bari na kai ƙarshe ba, Yaya. Nasu tsuntsun da yawun bakinshi yake gini, namu da ƙasa. Kuma su ma gwaji suke yi kan ɓeraye, ba wanda ya ce a ba tunkiya."

Kunya ta kama ni, amma ban saki maganar ba. Ranar kasuwar Wara na ɗaure wa tunkiyar ƙafafu, na sa ta a jirgin ƙanena, na rungume kanta har muka isa wurin malamin dabbobi. Wannan karon na zauna na saurara har ƙarshe. Ya danna ƙoƙon kanta, ya tambaya ko karnuka suna yawo inda suke kiwo. Ya ce wata tsutsa ce ta yi jakar ruwa a ƙwaƙwalwarta. Ƙwan tsutsar yana fita ta kashin kare ya zauna a ciyawa, tumaki su ci, shi kuma kare wurin cin kan dabba mai ciwon yake samunta.

"Baba, kan da kuke jefa wa karnuka shi ke dawo muku da cutar. Wannan ba za ta warke ba. Amma in kana iya ciyar da ita da hannu, watakila ta kai haihuwa."

Na ce ina iyawa. Na kewaye mata wuri da zana, na shimfiɗa tsohuwar koma a jikin bango don kada ta fasa kai. Na daina zuwa su da nisa. Ina tallabe haɓarta in ba ta dusa da harawa, matata tana riƙe da kwanon ruwa. Abokaina suka sa mini suna ungozomar tumaki, na amsa. Wata safiyar Juma'a ta haifi mace, da baƙin kunnen uwarta. Da ɗiyar ta yi ƙwari, na yanka uwar da hannuna. Kan kuwa na hura wuta a fili na ƙone shi, na binne, na gaya wa duk wanda ya tsaya dalili. Wasu suka yi tsaki, wasu suka koma ƙone kan irin wannan dabbar su ma.

Zuriyarta na nan a turken matata. Tsattsewa ma sun sake gini a dutsen, in na zo wucewa nakan ba su hanya. Ban yi nadamar nacin da na yi ba, shi ya tsirar da ɗiyar nan. Amma na koyi cewa mai niyya in bai tsaya ya ji magana har ƙarshenta ba, wanda bai ji ba bai gani ba shi ke shan wahalar gaggawarsa.