Goggo Safara'u, Mai Ba da Aron Kaza

Mutanen layinsu a Takur sun san ba zakara ne ke tashin unguwa ba, Goggo Safara'u ce. Tana idar da sallar asuba za ka ji ta tana kaɗa ƙwaryar tsaba, tana kiran kajinta kowace da sunanta. Ta buɗe akurki, ta wanke kasko ta zuba ruwa, ta jiƙa dusa, ta zazzage wa ƴan tsaki garar da ta tara musu a tsohuwar tukunya. Sai ta sallami kowa take tuna cewa maigidanta, Malam Bubayero, bai sha koko ba. Shi ya daɗe da haƙura. Yakan ce wa baƙi, "A gidan nan, daga kaji sai ni."

Ba sana'a ba ce. Har ta yi ritaya daga koyarwa a firamare, ba wanda ya taɓa ganin ta kai kaza kasuwa. So ne kawai, kuma son yana da asali. Goggo ƴar Fulanin Buji ce, kuma a danginsu idan za a kai yarinya ɗaki, da karsana ake raka ta. Lokacin nata auren shanun gidansu sun ƙare. Mahaifiyarta ta miƙa mata kwando da kaza a ciki, durgu mai gajerun ƙafafu, wake-wake mai ɗigo-ɗigon fari da baƙi, ta sunkuyar da kai ta kasa duban ƴarta. Wannan sunkuyawar ce ta tsaya wa Goggo a rai. Ta yi wa kanta alkawari cewa jinin kazar nan ba zai yanke a hannunta ba.

Fulani suna da al'adar da suke kira habbanaye: ka ba ɗan'uwanka aron saniya, in ta haihu ya riƙe maraƙin, ya dawo maka da uwar. Goggo ba ta da saniya, sai ta mayar da al'adar kan kaji. Amarya ce, ko matar da miji ya rasu ya bar ta da yara, Goggo za ta aika mata durgu. In ta ƙyanƙyashe, tsakin naki ne, uwar ta koma gida. Ku tambayi Zinariya mai ƙosai a bakin titi, za ta ce muku akuyar da ke ɗaure a gidanta daga ƙwan kazar Goggo ta fito.

Ke ce uwar durgu, Goggo. Ke ce kika koya wa matan layi su saka wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai, su kuma shafa wa tsaki shuni don shirwa ta kasa gane su.

Duk masu aro sun dawo da kaza, ban da mutum ɗaya. Fiddausi, wata matashiya da mijinta ya rasu, ta karɓi durgu, daga baya ta sake aure ta tare a Kafin Hausa, shiru kake ji. Mata suka yi ta zuga Goggo ta aika a karɓo. Ta ce, "Wanda ya ci aro ya fi ni sanin abin da ya hana shi zuwa. Ku bar ta."

Goggo tana da doka: duk baƙuwar kaza sai an ɗaure ta a gindin darbejiya, nesa da akurki, an ga lafiyarta tukuna. Sau ɗaya ta karya dokar. A sanyin bara surukarta, uwar mijin ƴarta, ta kawo ziyara da ƙaton zakara na alheri. Yaya za ta ɗaure shi gefe a gaban suruka, kamar tana cewa an kawo mata cuta? Kunyar Fulani ta hana. Ta yi godiya, ta sake shi cikin kaji.

Kafin mako ya zagayo kaji suka fara gyangyaɗi, suna saukar da fukafukai. An kira malamin dabbobi, ya ce an makara. Goggo ta riƙa ɗauke su ɗaya bayan ɗaya tana binnewa a bayan gida, cutar kuma ta tsallaka katanga ta share na maƙwabta, har da duk jikokin durgun da ta rarraba. Ta bi gida-gida tana neman afuwa, ko da yake ba wanda ya ɗora mata laifi. Daga nan ta kife kasko ta ce ta gama. Layin ya yi shiru da asuba. Malam Bubayero ya fara samun kokonsa da wuri, amma ya ce bai taɓa shan koko marar daɗi irin wannan ba. Abin tausayi ne ƙwarai ka ga dattijuwar zaune a gaban akurki babu kowa ciki.

Da bazara ta kama, wata ranar Juma'a aka yi sallama. Fiddausi ce, ta sauka daga babur rungume da kwando. Ta durƙusa ta gaishe da Goggo, kanta a ƙasa.

"Goggo, kazarki na yanka ta lokacin da yarona ya kwanta ciwo. Kunya ta hana ni zuwa. Sai kwanan nan na ji abin da ya same ki."

Ta buɗe kwandon. Sagara ce, wake-wake, ƙafafun nan gajeru kamar an gutsure su. Goggo ta daɗe tana kallonta, hawaye na zuba, ba ta ko share ba.

"Jikar kazarki ce," in ji Fiddausi. "Amma ba kyauta na kawo ba, Goggo. Habbanaye ne. In ta ƙyanƙyashe ki dawo mini da uwar."

Goggo ta yi dariyar da aka daɗe ba a ji ba. Ta miƙe ta ɗauko igiya.

"To, ƴar nan, kada ranki ya ɓaci. Gindin darbejiya za ta fara zama."

A gaban baƙuwar ta ɗaure ta.

Yau in ka bi layin da asuba za ka sake jin ƙwaryar tsaba, Malam Bubayero kuma ya koma jiran koko. Sagarar ta ƙyanƙyashe, uwar ta koma Kafin Hausa kamar yadda aka yi alkawari, Goggo da kanta ta kai ta a mota.

Mun gode, Goggo Safara'u. Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa albarka a akurkinki. Mu kuma da muke jira sai mun mallaki saniya kafin mu taimaki wani, mu leƙa bayan ɗakinmu, ba za a rasa abin ba da aro ba. Ke da kaza ɗaya aka kai ki ɗaki. Da mahaifiyarki za ta ga gidajen da kazar nan ta shiga, da ta ɗaga kai ta dube ki.