Gwaggona Mai Takalmin Hagu

Gwaggona, yayar mahaifina, 'yan aji biyu take koyarwa a firamare. Rubutu ya same ta ne ba shiri. Littafin karatun ajin ya yayyage har babu ƙarshen labari, yara suka ishe ta da "Malama, sai me ya faru?" Sai ta riƙa ƙirƙiro musu, tana rubutawa a bayan tsofaffin takardun jarrabawa.

Wani mai maɗaba'a da 'yarsa ke ajin ya ga takardun a jakar yarinyar, ya tako har makaranta. Shi ya buga mata Akuyar da Ta Ƙi Hawa Gada, sai Kaza a Motar Haya, sai Takalmin Hagu, labarin wani takalmi da ɗan'uwansa ya ɓace a kasuwa. Na ukun ne ya ci kyauta. Aka ba ta wani faranti na gilashi mai ɗauke da sunanta. Mijinta, bakanike ne mai barkwanci, ya jujjuya shi ya ce, "To Malama, abinci ake zubawa ko bango ake kaiwa?"

A wajen taron ba da kyautar manya sun yi alkawarin kai littafin kowace makaranta. Gwaggo ta gaskata, ta ajiye koyarwa ta zauna rubutu. Ta yi ta sintiri ofis-ofis har masu gadi suka santa, kullum maganar ɗaya ce, mai sa hannu ya yi tafiya.

Ana cikin haka mai maɗaba'a ya rasu. 'Ya'yansa suka sayar da injinan, suka mai da wurin shagon tayil, suka aiko ta zo ta kwashe kayanta. Ni na raka ta. Rufin sito ya daɗe yana yoyo, littattafan ƙasa sun manne sun zama dutse, na sama gara ta yi musu hanya. Ta durƙusa tana zaɓar masu rai. Babban ɗan yana tsaye yana duba agogo.

"Hajiya, ki yi haƙuri, gobe kayan shago za su iso."

"Ba komai, ɗana," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ta rubuta na huɗu, kan wata yarinya mai tsoron kitso. Editan da muka kai wa ya yaba ƙwarai, ya ce sai dai iyaye sun daina sayen littafin da ba ya fitowa a jarrabawa.

Bayan rasuwar mijinta ɓarin jikinta na dama ya shanye. Na ce ta riƙa faɗa ina rubutawa. Mun gwada. Sai ta kama jimla, kalma ta kuɓuce mata a tsakiya, ta yi ta kallon silin. Ran nan ta ce, "'Yar nan, rufe alƙalamin, kada tawadar ta bushe a banza."

Bara ɗanta ya ce ta koma gidansa. Ɗakin da aka ware mata gado da kujera kawai yake ci. Ya nuna kwalayen littattafan da ke ƙarƙashin gadonta, ya ce, "Mama, ɗaya zai shiga. Wanne?"

Ta dube su jim kaɗan, ta ce a ɗauko mata rediyonta da maganinta, direba na jira.