Shinkafar da Ta Rage Cikin Na'ura

Na yi shekaru ina dillancin hatsi a Gaya, na ga riba na ga asara, amma akwai asara guda da ba zan manta ba har in koma ga Allah, ko da yake ba tawa ba ce.

Kafin soja su karɓi mulki, wata malamar jami'a daga Yamai ta zo shagona tana neman tsofaffin irin shinkafa. Jami'arsu ta haɗa aiki da wani labo, wato ɗakin bincike, na gwamnati: labo ya adana irin a ɗakin sanyi, su kuma su karanta halittarsa a ordinata, wato kwamfuta, su gano abin da ke hana wata shinkafa kamuwa da cutar da ke mayar da ganye rawaya. Ni ban gane rabin bayanin ba, amma na san wanda za a nema.

Na kai ta Tunuga wajen wani tsoho da nake sayen shinkafarsa. Yana da wata ja, gajeruwa, gadon kakansa, wadda cutar ba ta taɓawa. A wajenmu mai iri ba ya tara shi wuri guda. Kowace kaka tsohon yakan aika rabi ga surukinsa a Yelu, don in nasa ya lalace ya je ya ɗauko.

Da ya ji zancen ɗakin sanyi sai ya yi dariya.

"Alhaji, surukin nan nawa da ɓeraye yake raba rumbu. Bana gwamnati ce surukata."

Ya miƙa wa malama rabon Yelu gaba ɗaya. Ni ma na ga dabara ce. Wa zai ce rumbun laka ya fi firigon ɗakin sanyi?

Sai aka yi juyin mulki. Aka rufe gadar Benin, Najeriya ta yanke kuran, wutar lantarki ke nan, masu tallafa wa aikin daga waje suka janye. Damina ta gaba kogi ya yi ambaliya, ya shanye gonar tsohon, da duk sauran irinsa da ya shuka, tun shinkafa ba ta fid da kai ba. Ya zo shagona, ƙafa duk taɓo, ya ce in kira malamar nan, 'yarsa ta Yamai, ta kawo masa ajiyarsa.

Ba ta yi bayani a waya ba. Da kanta ta hawo mota ta zo, har yau ina ganin girmanta saboda haka. Ta durƙusa gabansa ta faɗi gaskiya: man gazuwal ya ƙare wa injin wutar labo, ɗakin sanyi ya narke, danshi ya shiga, irin ya yi fumfuna. Sun gwada shukawa, ko ƙwaya ba ta tsiro ba.

Sannan ta buɗe ordinata. Haruffa ne jere, layi kan layi.

"Baba, mun riga mun karanta ta kafin ta lalace. Duk halittarta ga ta nan. Har mun gano wurin da ke kare ta daga cutar."

Tsohon ya matso, ya daɗe yana kallo, ya shafa gilashin da yatsa.

"Ɗiyata, to a ciro mini ko tafin hannu. Akwai sauran laima a fadama."

Ta girgiza kai, ta fashe da kuka.

Shi ne ma ya lallashe ta. Ya ce, "Daina kuka. Ke kin riƙe naki rabin amanar." Ya sa takalmansa ya fita.

Na zaga Yelu, Bengu, har ƙauyukan tsallake, ban samu ko zangarniya ba. Tsohon ya rasu yana noman irin kasuwa.

Ban raina ilminsu ba, na ji aikin ya ci gaba. Amma na koyi cewa abin da ke da rai a hannun mutane da yawa yake tsira. Yanzu duk wanda ya zo neman iri nakan ba shi, bayan na aika rabon Yelu.