Tsakuwa Talatin da Takwas

Shekarar da aka raba mana tuta da kofi a makaranta saboda samun mulkin kai, ita ce shekarar da Baba ya daina shan giya. Ina aji uku a elemantare a Birnin Kebbi. Ni ba mai magana ba ce, har malamai sukan manta ina cikin aji. Amma ina da ido, ina kuma da hanci.

Baba masinja ne a ofishin En'e kafin a kore shi. Ranar da aka kore shi ya dawo gida ba hula, ya zauna a zaure ya rantse ya bar burkutu har abada. Wani malami ya gaya masa cewa wanda ya sha giya, sallarsa ba ta karɓuwa sai bayan kwana arba'in. Baba ya ɗauki maganar nan ya aza a ka. Ya nemo gwangwanin madara, kullum in ya idar da sallar asuba sai ya jefa tsakuwa ɗaya a ciki. Daga kan tabarmata nake jin ƙarar faɗuwarta.

Mutane suna zaton kwanakin nan kwanakin daɗi ne a gidanmu. Ƙarya ne. Hannunsa yana rawa, koko yana zuba a gaban rigarsa, wannan duk mun iya jurewa. Abin da ya ishe mu nadamarsa ce. Ya ƙi cin abinci kusa da mu. Ya ƙi taɓa littafina, wai hannunsa ba tsarki. Inna tana daka zai zo ya durƙusa a gefen turmi.

"Kin tuna ranar da na hwasa miki tukunyar ruwa?"

"Malam, na yahe."

"A'a, ba ki tuna da kyau ba. Wadda ta yi ƙarar nan..."

Sau goma sha ɗaya na ƙidaya ana yafe tukunyar nan. Inna ta ajiye taɓarya, ta saurara, ta lallashe shi, hatsi yana jira, mu muna jira. Da yana sha, mu muke ɗaukarsa daga ƙofar gida. Da ya bari, mu muke ɗaukarsa har yanzu. Wannan ne abin da ban iya faɗa ba a lokacin, sai dai in cije gefen zanena.

Abu guda ya rage mana a shekarar: shinkafar da ya gada a fadamar Gulma. Ba albashi, ita ce abincinmu har wata damina. Ta nuna, dangi sun sa ranar gayya. A danginmu mai gona ne yake fara sa lauje. In bai zo ba, ba wanda zai shiga gonar wani ya yanka masa, ko da ɗan uwansa ne ciki ɗaya.

Ranar da tsakuwa ta cika talatin da takwas, Baba ya tafi maƙera a wasa masa lauje. Ya dawo da la'asar. Tun daga zaure na gane. Tafiyarsa ta yi tsabta da yawa, yana ajiye ƙafa kamar mai taka ƙwai, bakinsa cike da goro, shi da ba ya cin goro sai da safe. Da ya wuce ni, warin tsamin nan ya biyo bayansa. Ya shiga ɗaki ya ɗauko gwangwanin, ya kife shi a tsakar gida. Kaji suka rugo suna zaton tsaba ce.

Washegari ban ji ƙarar buta ba. Bai yi asuba ba, bai yi azahar ba. Ya kwanta a zaure ya juya wa ƙofa baya. Inna ta ce masa jibi gayya. Ya ce, "Mutum irina ba shi tsayawa gaban jama'a." Ranar gayya ta zo ta wuce yana kallon bango.

Kashegarinta Goggo ta sauka daga motar Argungu. Yayarsa ce, mai bandar kifi, muryarta ana jin ta daga hayin gulbi. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba. Ina zaune a bakin zaure da kwanon wanke-wanke, ba ta ma gan ni ba.

"Kai, Auta! Mi kaka yi nan kwance?"

"Yaya, ki bar ni."

"In bar ka? Mutane sunka taru, sunka cinye min tuwo tukunya biyu, sunka zauna bakin gona har rana ta take, sunka watse. Tsuntsayen jan-baki na can na biki. Zangarniya na zuba cikin ruwa. Kai kana nan kana kiwon bango!"

"Kwana biyu ya rage min, Yaya. Biyu tak. Na zubar."

"To?"

"Yanzu ko na yi salla ba ta karɓuwa sai wani arba'in."

"Shi ya sa ka aje ta gaba ɗai? Kai, wannan wayon naka ko kura ba ta da shi. Karɓa aikinka na? Yi aikinka na. Wa yab ba ka littahin sama ka duba?"

Baba ya tashi zaune, hawaye yana bin gemunsa. "Ban iya yahe ma kaina."

"Wa yan naɗa ka alƙali? Masinja ma an kore ka!"

Ya rufe fuska da hannu ya fara lissafo laifuffukansa tun daga farko, da muryar nan ta gefen turmi. Na ji yana dosar tukunyar ruwa. Ban san sa'ad da na miƙe ba. Kwanon ya faɗi, ruwan ya bi ƙafata.

"Baba, tukunyar nan an sayi wata tun bara!"

Duk suka juyo. Goggo ta buɗe baki, don ba ta taɓa jin muryata da ƙarfi ba. Maganar ta ƙi tsayawa.

"Kana sha muna jin yunwa. Ka bari kuma za mu ji yunwa. Mu mi munka yi? Kullum jiya, kullum jiya! Mu yau muke son cin abinci!"

Na ruga bayan rumbu na ɓuya, ina jiran duka. A gidanmu ɗiya ba ta ɗaga wa uba murya. Ba wanda ya zo. Can na ji Goggo ta ce a hankali, "To ka ji." Sai ƙarar ruwan buta a kan ƙasa.

Ya yi azahar a tsakar gida, a kan buzun da ya kwana huɗu a naɗe. Bai yi kuka ba, bai tsawaita ba. Da ya sallame ya tambayi Inna inda ta ajiye lauje.

An ba mu hutu a lokacin, don haka Goggo ta tafi da ni tare da Baba. Mota ta kai mu Argungu, kwalekwale ya ƙarasa da mu Gulma. Baba ya bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya. A kowace ƙofa magana biyu yake yi: ya yi laifi, gobe yana gona. Wasu suka ce suna da tasu shinkafar. Wani tsoho ya matso kusa da shi ya shinshina bakinsa a gaban yara, Baba ya tsaya ya bar shi. Har yau in na tuna hancin tsohon nan raina yana ɓaci.

Washegari mutum biyar suka zo. Gefen gonar da ke wajen gulbi tsuntsu ya gama da shi, sai kara tsaye. Na ga Baba ya tsaya yana kallon wurin, leɓensa ya fara motsi, na ce a raina ga shi nan zai fara. Sai ya juya wa gefen baya, ya shiga inda zangarniya take da nauyi, ya sunkuya. Hannun yana rawa, laujen ya kuskure sau biyu, na uku ya kama.

Bai sake ajiye tsakuwa ba. Ya ƙara faɗuwa a rayuwarsa, ba zan ɓoye ba, amma kowane karo da asuba akan ji buta. Shekarar nan kuwa shinkafa ba ta kai mu damina ba, mun ci tafasa mun ci rama, kuma ban manta wanda ya jawo ba.

Da rana ta take a gonar, Goggo ta ba ni ƙwaryar fura in kai masa. Na ajiye ta a kan kunya nesa da shi, ban durƙusa ba.

Ya dube ni, laka har gwiwa. "Ɗiyata, hushi kike da ni?"

Na ce, "E."

Ya sha furar ya goge baki. "Kin hi ni gaskiya. Yi hushinki. Amma ɗauki igiyar can ki bi bayana kina ɗaurewa, tsuntsayen nan ba su jiran mu shirya."

Na ɗauki igiyar na shiga ruwan.